Zuwa Ga Injiniyoyin Da Suka Ƙera Jiniyar Kekena

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku, a duk ƙasar da kuke. Na ce duk ƙasar da kuke ne domin na juya kwalin na'urarku ciki da bai, babu sunan kamfani, babu adireshi, sai hoton wani ɓarawo mai baƙar hula yana gudu ya toshe kunnuwa. Ina fata kun yi barci mai daɗi daren jiya. Mu dai a layinmu ba wanda ya runtsa.

Wajen ƙarfe biyun dare akuyar matar mai gidanmu ta tsinke igiya, ta shigo zaure, ta ga tayar kekena ta baya ta dace da susa. Ta goga haƙarƙarinta sau ɗaya. Iyakar laifin da aka aikata ke nan a daren. Jiniyarku kuwa ta tsala ihun da ya tashi jarirai gida uku. Kafin in lalubo rimot a aljihun wando, an fara zare sakata. 'Yan sintiri suka busa usur. Mai gidanmu ya fito da gora, daga shi sai gajeren wando. Can wani ya haska tocila bakin layi ya ce, "Ga shi can!"

Wanda aka haska yaron mai shayi ne, ya tashi daga aiki, yana komawa makwancinsa da tiren kofuna a ka. Ya ga mutane sun nufo shi da sanduna, sai ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya zubar da tire ya ranta a na kare. An cim masa a bakin kwata. Ya sha mari, an yage masa riga, wani har ya fara tambayar ina za a samu tsohuwar taya, kafin Allah ya kawo limaminmu ya kutsa ya ce, "Kai jama'a, ku ji tsoron Allah! Wannan ai shi yake dafa muku Indomie!" Duk wannan abin da ake yi, na'urarku tana zaure tana ta aikinta.

Na danna rimot, shiru. Wato rimot ɗin ne ya yi shiru, ita ba ta yi ba. Na lulluɓe sirdin da bargo, sai muryar ta ƙara kauri. Daga ƙarshe na ɗauko reza na yanke 'yar robar da kuka ba da a ɗaure ta da ita, na jefa ta cikin bokitin ruwa. Nan fa na shaida muku gaskiya guda: kun rubuta a kwali cewa ruwa ba ya shigarta, kuma wallahi ba ya shiga. Daga ƙasan bokiti ta ci gaba da kiran jama'a. Sai dai ku lura da batun rezar nan. Ni da nake cikin magagin barci, hannuna na rawa, yanka ɗaya na raba ta da keken. Ɓarawon da ya zo a shirye, ido biyu, kuna tsammanin shi ba ya sayen reza?

Da gari ya waye na kai ta wurin mai gyaran rediyo, ya kwance ta a kan benci, ya tura mini da bakin sukundireba. Batura uku ƙanana. Wani faifan tagulla siriri mai girman kwabo, wanda shi ne maƙogwaron. Sai wani ɗan sifirin a cikin bututun ƙarfe, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce, "Yallaɓai, ka ga wannan? Shi ne duk hankalinta." In keke ya girgiza, sifirin ya kaɗa ya taɓa jikin bututun, wuta ta haɗu, ihu ya tashi. Ya ce masu tsada suna amfani da irin na'urar da ke cikin waya, wadda ke juya hoto in ka karkata ta, amma galibinsu su ma tambaya ɗaya suke yi: an motsa ko ba a motsa ba? Ba ruwansu da wa ya motsa.

To, ranku ya daɗe, a garin nan me ne ne ba ya motsa keke? Tirela ta wuce a titi, bango ya amsa. Maƙwabci ya tayar da janareto. Iskar hunturu ta buga ƙyauren langalanga. Mage, kaji, yaran da ba sa iya wuce ƙararrawa ba su kaɗa ba. Kun ce akwai matakan ji har bakwai, kowa ya zaɓi wanda ya dace da shi, madalla da wannan karamci. A mataki na sama, tari mai ƙarfi ya isa. A na ƙasa kuwa, mutum zai iya ɗaga keken a hankali ya saɓa a kafaɗa ya yi sallama da mutanen gida, ba za ta ce uffan ba. Matakan da ke tsakiya kuma kowanne ya ɗebi rabonsa daga aibin biyun. Karen gidan da ke kallonmu bai yi makarantar injiniya ba, amma ya san takun 'yan gida, ya san na baƙo, kuma bai taɓa yi wa akuya haushin ɓarawo ba.

Abin da kuka fi alfahari da shi, kuka rubuta da jan baƙi, shi ne desibel 113. Hirar mutum biyu ba ta wuce wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata sun ce wanda ke wuni awa takwas cikin ƙarar da ta kai 85, kunnensa na cikin haɗari. Kuma ma'aunin ba na kwano ba ne da ake ƙarawa ɗaya bayan ɗaya: duk ƙarin goma, ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Wannan kuka sa a zauren da mutum goma sha ke kwana a bayansa. Duk basirarku a maƙogwaro ta ƙare, kai kuwa kuka bar wa sifirin.

Bari in daina ranku ya daɗe haka nan, ku saurare ni.

Jiniya ba ta kama ɓarawo. Ba ta da hannu, ba ta da ƙafa. Aikinta ta kira mutane, mutanen su ne makullin. Ku kun auna ta ne da biranen da jiniyar mota za ta yi ta kuka a titi ba wanda zai ɗaga labule, shi ya sa a lissafinku ihun ƙarya ba ya da farashi, iyakarsa tsaki. A nan in aka yi ihu fitowa ake yi. Ana fitowa da gora da adda, cikin duhu, da zuciyar mutanen da aka sha yi wa sata ba a taɓa dawo musu da ko allura ba. Kalmar "ɓarawo" da tsakar dare a garuruwanmu ta sha cin ran wanda bai ji ba bai gani ba, kowa ya sani, kowa yana jin kunyar abin in rana ta fito. Ku kuma kun ɗauki wannan kalma kun danƙa ta a hannun sifirin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kun sa batir, kun sayar mini. Wa ya ba ku izini? Wane ne a cikinku ya zauna a ofis mai sanyi ya ce, a bar shi haka, in ta yi ƙarya sau ɗari ba komai? Da limaminmu yana da nauyin barci, da yau ba wasiƙar raha nake rubutawa ba.

Ga kuma asara ta biyu, wadda ba a ganinta sai ranar da ake bukata. Yau da safe mai gidanmu ya tare ni a ƙofa, bai amsa gaisuwata ba, ya ce, "Malam, ko kai ko abin nan." Shugaban 'yan sintiri ya aiko cewa in suka sake jin wannan kukan ba za su motsa ba. Ke nan ranar da ɓarawon gaske zai zo, sai kowa ya gyara kwanciya ya ce akuya ce. Kafin na sayi na'urarku ina da maƙwabta masu fitowa, yanzu ina da batura uku.

Kada ku ce keke ne kawai. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, mutane irina suka jingine mashin suka koma feda. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake kai niƙa, a kariyarsa ake ɗora ɗan makaranta. Ba don rage tumbi nake hawansa ba.

Na sani ba ku kaɗai ba ne, gadon gidanku ne. Makullin zoben nan da ke manne da tayar baya ta Rali da Fonis, ɗaga bayan keke kawai ake yi a tura shi a kan taya ɗaya. Igiyar waya mai rigar roba kuwa ado ce, almakashin ƙarfe cizo ɗaya yake yi mata. Manyan yayyenku na Amurka ma, masu kwaɗon Kryptonite mai siffar kofaton doki, a 1972 an ɗaure keke da shi a jikin wani ƙarfen titi a Niyok har kwana talatin don a nuna ƙarfinsa. Kwaɗo ya tsaya daram, sai dai ɓarayi sun kwance duk abin da ke kwantuwa a jikin keken. Aka yi shelar nasara. A 2004 kuma duniya ta ga bidiyon yadda ake buɗe masu zagayen makulli a cikinsu da kwanson biro na Bic, irin wanda ɗan firamare ke taunawa, alhali tun 1992 wata mujallar masu keke a Ingila ta yi wannan gargaɗi. Dole kamfanin ya musanya dubban ɗaruruwa kyauta. Su dai sun biya. Yanzu kuma injin yankan ƙarfe irin na masu walda ya samu batir yana shiga jaka, zancen kaurin kwaɗo ya koma na mintoci.

A 2016 wasu samari a San Faransisko suka fito da SkunkLock, kwaɗon da in aka yanka shi yake feso iskar da ke sa amai. Na yaba da zuciyar. Amma a nan, wanda ya fi yawan yanka kwaɗon keke shi ne mai waldar da mai keke ya roƙa bayan makulli ya ɓace, kuma bawan Allah bai yi wa kowa laifi ba. AirTag da Apple ya fitar a 2021 sai na'urorin Apple irin su iPhone sun gifta kusa da shi yake iya faɗin inda yake. Ku zo layinmu ku ƙirga, Tecno ne da Itel. Kuma in ya daɗe rabe da mai shi, da kansa yake fara ƙara, don kada a yi amfani da shi wajen bibiyar mutane. Dalilin mai kyau ne, sakamakon kuwa shi ne ya gaya wa ɓarawo ƙarƙashin wane sirdi yake ɓoye.

Abin da ya fi ba ni haushi, dabarar da ta fi duk waɗannan hankali ba ta da murya ko kaɗan. Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a ƙarƙashin ƙarfen da feda ke juyawa. A Japan tun 1994 wajibi ne a yi wa keke rajista da sunan mai shi. Faransa ta wajabta sa wa sababbin kekuna alamar shaida daga farkon 2021. Ɓarawo ba hawa yake so ba, sayarwa yake so, kuma in mai saye zai kifa keken ya duba lamba, kasuwa ta yi wuya. Amma wannan ba ya cin batir, ba a sa shi a kwali, don haka na san ba sashenku ba ne.

To ga bukatuna, tunda kun nace sai kun yi ihu. Ku koya wa abinku bambancin gogawa da ɗagawa: akuya ta taɓa ta wuce, ɓarawo kuwa ɗagawa yake yi ya karkata ya tafi, kuma na'urar da ke cikin wayar kowane ɗan sakandare ta san karkata. Ta fara gaya mini ni kaɗai, a rimot ɗin da ke gefen filo, kafin ta gaya wa unguwa. Ku ɗaure ta da abin da ya fi ƙarfin reza. Rimot kuma ya riƙa aiki da dare, don da rana ina da idanu.

In kun gama, kada ku gwada ta a ɗakin bincikenku. Ku kawo ta Kano ranar Juma'a, a ɗaura ta a keke, a jingine shi a ƙofar masallaci inda kekuna ke kwance a jikin juna, wanda ya makara yana cusa nasa, yara na tsallakawa, mai rake na tura baro. In aka yi huɗuba aka sallame ba ta yi magana ba, zan saya, har in sa a yi muku talla a majalisa. In kuwa ta buɗe baki liman na kan mumbari, ku za ku tsaya ku yi wa jama'a bayani. Ni zan ce ban san mai keken ba.

Wassalam.

Naku, ba don yana so ba,
Wani mai keke a gidan haya