Yadda Kakata Ta Kasa Mutuwa

A jami'o'in Nijar kan maki 20 ake auna ɗalibi, 10 kuma ita ce tsira. Tsarin karatun da ake kira LMD ya raba shekara zango biyu, kowane zango kiredi 30, sai ka tara 180 a ba ka lisans. Akwai rangwame a ciki: idan ka ci 8 a wani darasi, 12 ɗin da ka samu a maƙwabcinsa na iya rufa maka asiri. Kujerar da babu kowa a kanta ce kawai ba a yi wa uzuri. Wanda ya zo ya rubuta shirme ɗalibi ne. Wanda bai zo ba sai ya kawo hujja, hujja kuwa takarda ce mai hatimi.

Shekarar da abin ya same ni, yajin aiki ya tura jarrabawa har cikin damina. Ina gida Dungas ina taya Baba noman gero, sai saƙo ya shigo WhatsApp wai gobe da safe za a zauna. Na shiga motar da na samu, ta ƴan kasuwa ce, mu da buhuna da awaki. Ba mu yi nisa ba ta kafe a taɓo. Muka tura, muka haƙa, muka kwana. Lokacin da abokaina ke rubuta sunansu a kan takarda, ni ina riƙe da igiyar akuyar wani.

Na kira shugaban ajinmu. Ya ce abin da ake karɓa biyu ne: takardar likita, ko takardar rasuwar ɗan uwa na kusa. Na ce taɓo fa? Ya ce taɓo ba shi da hatimi. Direba, mutumin kirki, ya ce zai rubuta mini shaida a bayan kwalin shayi ya dangwala yatsa.

Lafiyata ƙalau, abin haushi. Saura rasuwa. A nan ɗan Bahaushe ya fi ɗan Faransa jari: shi kakanni mata biyu gare shi, ni kuwa kakana na wajen uba mata huɗu ya aje, na wajen uwa uku. Duk sun riga mu gidan gaskiya tun ina firamare, sai guda, mahaifiyar Baba, wadda ba ta kirana da komai sai maigida.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na ce, "Uwargida, taimako nake nema. So nake ki rasu, amma a takarda."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Maigidan da bai taɓa ba ni kuɗin cefane ba, yau shi ke neman raina? Nawa za ka biya?"

Muka yi ciniki kamar a kasuwar shanu ta Maigatari ranar Alhamis. Ta fara da jika biyar, muka tsaya a jika biyu da goro, da sharaɗin kada a ce ciwon ciki ne ya kashe ta, don ba mutuwar manya ba ce.

Sai na nufi wani yayana da ya san harkar takardu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in kawo takardar haihuwarta. Wace takardar haihuwa? Matar da take goyon Baba lokacin da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974? Ya ce to ai a wurin gwamnati ba a haife ta ba tukuna, wanda ba a haifa ba kuwa yaya za a yi ya mutu? Sai an je gaban alƙali da shaidu, a yanke hukuncin cewa lalle an haife ta. Na tambayi kaka ko akwai wanda ya ga haihuwarta. Ta lissafa mutum huɗu, kowanne ta bi shi da "Allah ya jiƙansa".

Ana cikin haka Baba ya ji labari. Abin da ya faɗa ba na mujalla ba ne.

Daren taɓo bai tafi a banza ba: sauron da ya yi walima da ni ya aiko da zazzaɓi, na samu takardar likita ta gaskiya, hatimi da sa hannu. Na kai ta ofis ina rawar ɗari da alfahari. Ma'aikacin ya duba kwanan wata, ya ce ciwon ya makara da mako guda. Ya ƙara da cewa in daina wahalar da kaina, tuni sunana na cikin masu ratirafaj, zama na biyu da ake yi wa waɗanda ba su haye ba, tare da waɗanda suka zo suka rubuta shirme.

Na zauna, na ci 10 cif.

Kaka kuwa har yau tana bina jika biyu. Ta ce ita ta cika alkawari, ta yarda ta mutu, ni ne na fasa. Da na samu aiki ta aiko a gaya mini kuɗin rasuwa ya tashi, komai ya yi tsada.