Masu Jinyar Gidan Diskit a Jos

Kamfanin Sony ya daina buga diskit tun 2011, amma da alama labarin bai iso wasu lungunan Jos ba. Har gobe akwai fiyanon Yamaha a coci ko a ɗakin ɗaukar waƙa da ba ya karɓar kiɗa sai ta diskit. Akwai telan da injin aikinsa na kwamfuta ba ya zana wuyan kaftani sai an zura masa shi. Akwai kuma tsohon ɗalibin Jami'ar Jos da furojet ɗinsa ke kwance cikin diskit tun zamanin bizines santa na Titin Bauchi.

Abin ba shi da wani sirri. Faifan roba ne siriri mai hodar maganaɗisu, yana juyi sau 300 a minti, hed biyu na gogarsa sama da ƙasa, suna bin layuka 80 a kowace fuska. Cututtukansa ma sanannu ne: ƙurar hunturu, fumfunar damina, giris da ya daskare, bel da ya saki, waya da aka juya. Jos kuwa Allah ya hore mata ƙura da danshi da sanyi duka. Masu jinyar ne dai suka kasu kashi-kashi.

Na farko shi ne Sarkin Hura. Da kwamfuta ta ce ba ta ga diskit ba, sai ya zaro shi, ya ja murfin ƙarfen gefe, ya cika kumatu ya busa. Ya juya ga ramin na'urar, nan ma ya busa. Ba ya tuna cewa yanzu ya gama cin goro. Ƙurar da ke bakin ƙofa ta koma ƙurya, ta samu danshin numfashi da ɓarɓashin goro, ta zama laka a kan hed. In ka yi magana ya ce, "Haba Malam, haka muke yi wa kaset tun kana goye."

Na biyu Mai Mari. Aƙidarsa ita ce inji ba ya jin lallashi. Tafi ɗaya a gefen kwamfuta, sai ga shi ta karanta, don girgizar ta motsa hed daga inda tsohon giris ya riƙe shi. Daga ranar ya zama injiniya. Abin da bai sani ba, layuka 135 ne ke shiga inci ɗaya, saboda haka ɗan gocewar da ido ba ya gani ya isa ya ɓata saiti. Bayan mari na arba'in, na'urarsa ta koma kamar likitan da ba mai iya karanta rubutunsa sai shi: abin da ta rubuta ita kaɗai ke ganewa. Kai diskit ɗin shagon maƙwabci a Taminus, a ce maka babu komai a ciki.

Na uku Malam Bairas. Shi kowace cuta sunanta ɗaya. Ƙara ta yi yawa, bairas. Fitila ta ƙi mutuwa, bairas. An ɗauke wuta ana tsakiyar adanawa, shi ma bairas. A yi masa adalci, yana da tarihi a hannu: bairas ɗin Brain da ya fito daga Lahore a 1986 ta diskit ya zaga duniya, haka Michelangelo da ya tayar da hankali a watan Maris na 1992. Matsalar ita ce maganinsa ma ɗaya ne. "Kawo a yi fomat." Kafin ɗaliba ta buɗe baki ta ce babi biyar ne a ciki, ya danna. Sai ya miƙa mata yana murmushi: "Ga shi nan, ƙanwata, tas, kamar sabo." Garin neman gira an rasa ido.

Na huɗu Mai Zargin Hannu. Shi bai yarda da ƙura ba, ya fi yarda da maƙiya. A wannan fanni mutanen Jos kansu a haɗe yake: na Gangare zai yi tofi, na Tudun Wada zai ɗiga man addu'a, kuma kowannensu ya san wanda yake zargi. Ka tambaye shi inda yake ajiye diskit, ya nuna maka kan babbar sifika, wadda maganaɗisun cikinta ke iya hargitsa rubutun, ko gaban mota inda rana ke lanƙwasa roba. Babbar hujjarsa fitilar na'urar da ke kunne ba ƙyaftawa tun ranar da yaronsa ya buɗe kwamfutar. "Ka ga idonta? Ba ta barci!" Faffaɗar wayar ce aka soka a juye, jan layin ya koma wancan gefe.

Na biyar Mai Rabon Cuta, kuma shi masu shago suka fi tsoro. Yana da diskit ɗaya da ya yi damina goma a ƙasan akwati, fuskarsa duk tabon fumfuna. Ya zura a shago na farko, hed ya kwashi datti, ya ƙi. Ya ce injinku ba kyau, ya wuce na biyu. Kafin la'asar ya kwantar da na'ura huɗu a layi guda, kowace kuma tana karce diskit ɗin duk wanda ya zo bayansa. Masu faifan Zip na Iomega, mai megabait 100 da ya fito a 1994, sun san irinsa: faifai ya lalace, hed ya shiga ƙas-ƙas-ƙas, mai shi kuma ya ɗauka ya nufi injin abokinsa.

Na shida Sake Gwadawa. Tsohuwar kwamfuta kan ba da zaɓi uku in karatu ya gagara: a fasa, a sake, ko a haƙura. Shi na tsakiya kaɗai ya sani. Yana dannawa, na'ura na gurnani, kowane zagaye na ƙara kankare hodar da bayanan ke kai. In ka ɗaga faifan a rana bayan ya gama, za ka ga zobe fari da haske ke ratsawa. Nan babi na uku yake a da.

Na bakwai Alhaji Tsimi. Ya gano cewa bambancin diskit mai kilobait 720 da mai megabait 1.44 a ido rami ɗaya ne a kusurwa, sai ya ɗauko ƙusa mai zafi ya huda. Na'ura ta ruɗu ta karɓa. Hodar faifan dai ba iri ɗaya ba ce, bayan ɗan lokaci lissafin shago ya fara zubewa. Araha ba ta ado.

Na takwas Ɗan Zamani, wanda bai taɓa riƙe diskit ba sai hotonsa da yake dannawa in zai adana rubutu. "Baba, a jefar mana, hoto ɗaya na wayata ma ba zai shiga ba." Gaskiya ya faɗa, sai dai bai san kuɗin sabon injin aiki ba. Bai kuma san gwamnatin Jafan sai a 2024 ta soke dokokin da ke neman diskit ba, ko cewa sojan saman Amurka sun yi amfani da faifai mai inci 8 a harkar makaman nukiliya har 2019.

Na ƙarshe shi ne mai gyaran gaske, kuma ba shi da daɗin kallo. Zai fara tura ɗan makullin kusurwa don kada a rubuta komai a kan diskit ɗinka. Ya duba fuskar faifan a haske. Ya gwada na'urar da wani diskit da ya san lafiyarsa. Ya goge hed da auduga da sifirit, ya share tsohon giris ya sa sabo, ya duba bel da waya, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Da ta karanta, ya kwafe komai zuwa filash, ya ba ka shawarar sa Gotek, ƙaramar na'urar da ke zama a gurbin gidan diskit tana karanta filash.

Sai a zo biya. Mai injin ya dubi audugar, ya dubi mai gyara. "Yanzu don Allah wannan ɗan gogen za ka caje ni? Ko gumi ba ka yi ba!" Ya yanke kuɗin biyu, ya ba shi rabi. Bayan mako guda injin maƙwabcinsa ya fara gurnani, aka tambaye shi wa za a kira. Ya ce a kira Mai Mari, shi aƙalla ana jin ƙarar aikinsa.