Jarumi ko Matatsi? Ku Tambayi Bature

Na san halinku, 'yan majalisar mai shayi na bakin Kaduna Poly. Da na ce Bature kalma ɗaya yake da ita ta bajintar jarumi da ta tatsar talaka, sai kuka kwashe da dariya, wani mai gilashi ma ya ce Malam ya fara shan shayi da yawa. To, ku gyara zama. Kalmar ita ce exploit, kuma ƙamus ɗin da ke cikin wayarku zai raba mu.

In suna ce, ana danna gabanta, tana nufin aikin bajinta. In aikatau ce, a danna ƙarshenta, sai ta koma ci da gumin wani. Kada ku yi mamaki, ku da kuke raba garin Zariya da garin tuwo da murya kawai.

Ba ma ta Ingila ba ce tun asali. Tushenta Latin ne, explicare, wato warware abin da ke naɗe. Daga nan ta bi ta Faransanci, ta shiga Turanci cikin ɗimbin kalmomin da suka kwarara bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Da farko nasara take nufi, sannan ta zama bajintar fagen fama. Mugun ma'anar sai a ƙarni na 19 ta samu, lokacin da masana'antu suka cika Turai, mabiyan Saint-Simon a Faransa suka riƙa kukan yadda mutum ke tatsar ɗan'uwansa mutum.

Mai gilashi, na ji ka, kana cewa ina ruwan Tudun Wada da wannan. Ka hau Keke ka je ka kalli Lugard Hall. Mai sunan nan, sojojinsa suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi a Yuli. A Landan bajinta aka kira wannan. Shekara arba'in bayan haka, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka riƙa kwasar talakawan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos ala tilas, sanyin tsauni da yunwa suka kashe da dama. Wancan yaƙin da wannan haƙar, kalma ɗaya ce ke ɗauke da su a bakin Bature. Ni dai ban ga ya yi asara ba, tawada ma ya rage.

Amma kafin ku fara ƙirji da cewa mu Hausawa mun raba jarumta daban, zalunci daban, ku biyo ni Kasuwar Barci. Ɗan gwanjo ya ga baƙo da takalmi mai ƙyalli, ya ɗaga rigar da ya saro da arha, ya karkaɗe ta, ya rantse daga Dubai ta sauka jiya, ya ninka kuɗin sau uku. Baƙo na juya baya, me maƙwabtansa ke ce masa? "Kai, namijin duniya!" Har da tafi. Ba wanda ya ce macuci sai in ƙanensa ne aka yi wa.

Wanda har yanzu bai yarda ba, ya zo gobe bayan Magariba da ƙamus ɗinsa. In na faɗi, shayin kowa a kaina. In na ci, mai gilashi zai biya, da ƙwai biyu a nawa, kuma kada in ji ya ce na tatse shi.