Ranar Kwance Tafkin Roba

Zamanin da manyan motoci ke jerin gwano a gadar Malanville, babu abin da kayan Kwatano ba su kawo Gaya ba, har da tafkin wanka na roba mai ƙafafun ƙarfe, irin wanda Turawa ke kafawa a bayan gida. Akan samu alhajin da zai saya wa yara, a garin da kogin Isa ke kwance bakin ƙofa. Yara su yi ɗoki su gaji, a zuba tarwada ta ƙi girma, daga nan sauro ya gaji wurin. Ranar da maigida ya ce a kwance shi kuwa, ba a gayyatar kowa, amma tsakar gida sai ta cika.

Sarkin shawara ne kan fara sallama. Hannunsa a baya, bai taɓa riƙe sifana ba, amma ya san notin da za a soma da shi. In tsatsa ta cinye notin ya ƙi juyawa, sai ya ce, "Ai na faɗa muku, manja za ku ɗiga." Bai faɗa ba. In aka ɗiga manjan aka kasa, ya ce shi kalanzir yake nufi.

Ɗan gwangwan ba ya yawan magana. Yana tsugune a inuwa da amalankensa, ya gama auna ƙarafunan da ido tun kafin a tsiyaye ruwa. Ya ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da farce, ya taɓe baki: "Alhaji, wannan ai gwangwani ne, jika biyu saboda mutunci."

Sai ɗan kan iyaka, mai lissafi da sefa yana mafarki da naira. Shi a wurinsa kayan ba su tsufa ba, kasuwa ce ba a sani ba. A kai Kamba, in ji shi, masu kiwon kifi za su yi rububi. Ko a tsallaka da shi Malanville. Aka tuna masa an rufe gada a 2023, ya ce yana da mai kwale-kwale. Da aka haɗa kuɗin kabu-kabu, kuɗin jirgi da na masu dako, sai ga maigida zai yi ciko daga aljihunsa.

Hajiya maƙwabciya ta leƙo ne kawai ta yi sannu da aiki, amma idonta na kan tamfol ɗin tafkin. "Maigida, in dai yarwa za ku yi, shanyar shinkafata fa?" Abin da ba ta sani ba, uwargida ta riga ta yi wa ƙanwarta alkawarinsa tun bara, domin Gaya ba ta wasa da damina, ɗakin ƙanwar kuma na yoyo. Gaisuwar da suka yi ta rabuwa gajera ce.

Yara dai kwaɗi suke bi cikin gansakuka, ba su da laifi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai zuwa bayan la'asar, an ɗaure ƙarafuna, an share da'irar ƙasar da ta yi fari, an kawo fura. Ya wanke hannu, ya zauna kusa da ƙwarya, ya dubi filin ya girgiza kai: "Kash, Alhaji! Da ka yi mini magana, ai ni da na saya."