Ana Gobe Sunana Ƙararrawa Ta Buga

A gidanmu, in baƙo ya tambayi yaro "kai wane ne?", sunan ubansa zai faɗa da na unguwarsu. Ko na ɗaya ka zo a aji, ba daga bakinka za a ji ba, don yabon kai jahilci ne. Da wannan tarbiyya na zauna gaban kwamfuta cikin kwat ɗin aro, ina neman gurbin karatun likita a wata jami'a a Ingila.

Mu nan JAMB muka sani: ka kwashi rabonka cikin maki 400, ka jira sunanka ya fito. Su can, bayan ka rubuta jarrabawar UCAT ka tura takardu kafin 15 ga Oktoba, sai a kira ka wata ganawa mai suna MMI, wadda jami'ar McMaster ta Kanada ta ƙirƙiro a farkon shekarun 2000. Ɗaki-ɗaki ake bi, ko da ta intanet ne, kowanne da alƙalinsa da 'yan mintoci ƙalilan, ƙararrawa na bugawa a tura ka gaba. Wai don kada mutum ɗaya ya yanke maka hukunci. Ni dai dama ta ba ni in sha kunya a gaban mutane daban-daban.

A ɗakin farko baturiya ce mai tabarau. Ta ce in ba ta labarin kaina. Na gaishe ta, na tambayi iyali da sanyi, sannan na ɗauko daga tushe: kakan kakana da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, kakana da karofinsa a Ƙofar Mata, yadda aka nemi auren Hajiya mahaifiyata. Tana ta gyaɗa kai, ni kuwa na ɗauka daɗi take ji. Ana gobe sunana ƙararrawa ta buga.

A ɗaki na gaba wani dattijo ya tambayi raunina. Yayana ya riga ya haddatar da ni amsa, na ce na cika son aiki, ba na iya hutawa. Ashe Hajiya na bayan labule da carbinta.

"Kai, ji tsoron Allah! Faɗa masa jini kake tsoro. Ranar layya ina ka shige da aka kwantar da rago?"

Dattijon ya matso da fuskarsa, ya ce wa ke magana. Na ce rediyo ce.

Labule ya yaye.

"Ni ce rediyon?"