Tiya Biyu a Gidan Dattijo

A wani gari da ke kan hanyar Saminaka, inda masara ce arzikin kowa, akwai wani dattijon ikilisiya mai sana'ar hatsi. Da kaka yakan saya a hannun manoma, ya loda wa motocin da ke zuwa kasuwar Dawanau a Kano. Abin da ya rage sai ya auna wa mutanen gari da bazara, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Ba mai riga shi zuwa addu'ar asuba. Rabin kwanon rufin majami'a daga aljihunsa ya fito.

Tiya biyu gare shi. Wadda yake saye da ita an buɗa mata baki, wadda yake sayarwa da ita kuma an bubbuga gindinta ya shige ciki. Sura ta 25 ta Maimaitawar Shari'a ta hana mutum ajiye ma'auni biyu a gidansa, babba da ƙarami, shi kansa ya taɓa karanta wurin a gaban jama'a ranar godiyar kaka. Ɗansa mai shekara 15, da ke zama a shago in an tashi makaranta, ya san wadda zai miƙo ba sai an gaya masa ba.

Wayarsa ma biyu ce. Ɗaya kowa ya san lambarta, ɗayar kuwa a mota take kwana. Duk Juma'a sai ya ce wa matarsa, "Mama, zan leƙa Jos karɓar kuɗin kaya." A Jos ɗin akwai ɗakin da yake biya wa haya.

Matar ta sani. Shekara 26 ke nan da suka tsaya gaban fasto suka yi alkawari, awakinta ta sayar aka haɗa jarin farko. Takan ɗaura zanen Zumuntar Mata ta je ta yi waƙa, ta dawo ta tuƙa tuwo, ta ajiye masa nasa a rufe. Da abin ya ishe ta, ta kai kuka wurin wata babba a zumunta, aka ce mata, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, ki riƙe addu'a, kada a ji." Haƙuri abu ne mai kyau, addu'a ma haka. Amma a ɗora wa wadda aka cuta nauyin rufa asirin wanda ya cuce ta, wannan ba ta'aziyya ba ce. Annabi Malakai ya nuna cewa Allah da kansa ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa, bai kuma sa matar ta yi shiru don sunan ikilisiya ba.

Ana nan sai wata marainiya a ƙungiyar mawaƙa ta yi ciki. Dattawa suka zauna, aka kira ta. Tana kuka ta faɗi komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Dattijon nan ya fi kowa zafi: a sa ta horo, a hana ta Jibin Ubangiji, a sanar ranar Lahadi, ta koma bencin baya.

Akwai wani tsohon mai bishara a wurin, wanda bai cika magana ba. Ya roƙa a karanta 2 Sama'ila sura 12 kafin a yanke. Aka karanta labarin da Natan ya ba Dauda, na mai garke da ya ƙyale nasa ya yanka 'yar tunkiya guda ta matalauci. Tsohon ya ce, "'Yan'uwa, Dauda sarki ne, ran mutum a hannunsa yake, duk da haka Natan ya shiga wurinsa. Mu kuwa kwanon rufi ya rufe mana baki." Bai ƙara ba. Kowa ya sunkuyar da kai, don kowa ya san inda maganar ta nufa. Sakatare ya ce lokaci ya tafi.

An sa yarinyar horon wata shida. Ba na jayayya da horo, ikilisiya tana da ikonsa, yarinyar ma ta karɓa. Abin da ke ci mini rai shi ne a cikin waɗanda ke da laifi a ɗakin nan, ita kaɗai ta faɗi gaskiya, ita kaɗai kuma ta fita da hukunci.

Dattawa za su sake zama ranar Asabar. Gidan matar dattijon bai yi nisa da majami'a ba, har yau kuwa ba wanda ya taka ya je ya tambaye ta.