Yadda Ake Wanke Boris ɗin Bayan Keke Ba Tare da Kaza Ta Ci Riba Ba

Tun da layin dogo ya taso daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Gagarawa ya bar mana sunan Tasha, mutanen nan suka gane cewa jirgi yana da ranarsa, keke kuwa kullum ranarsa ce. Shi ke kai buhun riɗi kasuwa, shi ke ɗauko jarkar ruwa, shi ke goya tsohuwa zuwa asibiti. Duk wannan nauyi a wilin baya yake sauka, shi kuma wilin a kan wasu 'yan ƙwallayen ƙarfe 18 yake tafiya, waɗanda ba mai tuna su sai ranar da suka fara kuka. Ga shawarwari ga duk wanda ya rantse shi ma bakanike ne.

Na ɗaya, tabbatar da ciwon. Ɗaga bayan keke, kama taya ka girgiza ta hagu da dama. In tana kaɗa kai kamar mai raƙumin da aka yi wa tayin wulaƙanci, kon, wato ƙarfen da ke danne ƙwallayen, ya saki. In ka juya ta ka ji gurza kamar ana niƙa a dutse, giris ya mutu, rairayi ya gaje shi. In kuwa tun bara take wannan kukan kana ƙara muryar rediyo don kada ka ji, tanadi kuɗin sabon kon tun yanzu.

Na biyu, zaɓi rana. Kada ka taɓa hob, wato cibiyar wili, ranar Laraba da yamma alhali gobe Alhamis kana da niyyar cin kasuwar Maigatari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da mai gyara ke gamawa kafin shayinsa ya huce, kai zai ɗauke ka daga hantsi zuwa la'asar, ban da lokacin laluben abin da ya faɗi.

Na uku, zaɓi wuri. Ƙasar Gumel rairayi ce, daga Sule Tankarkar har bakin iyakar Nijar, kuma abin da rairayi ya karɓa ba ya mayarwa. Shimfiɗa buhu, ka ɗora faranti mai zurfi. Nemi izinin uwargida kafin ka ɗauki farantin, domin ranar da aka ji warin kananzir a tuwo ba mai sauraron bayaninka. Sannan ka kore kaji. Kaza ba ta bambance ƙwayar boris da ƙwayar dawa, kai kuma ba ka yanka kaza sukutum saboda ƙwallo ɗaya.

Na huɗu, tara kayan aiki: sufana mai lamba 15 da mai 17, wata siririya da za ta iya shiga ta kama kon, tsumma, kananzir, giris, da sabbin ƙwallaye. Guda 18 kake bukata, amma sayi 20. Biyun haƙƙin rairayi ne. Guduma da filaya kuwa, kulle su a ɗaki ka ba maƙwabci makullin.

Na biyar, shirya wa 'yan kallo. A Tasha ba a gyaran keke a kaɗaice. Kana kifa shi, dattijo zai ja sandarsa ya tsaya a kanka.

"Sannu da aiki, ɗana. Ai mu a zamaninmu man gyaɗa muke ɗiga wa Raleigh, ya kai mu Nguru ya dawo ko tari bai yi ba."

"Allah ya ƙara girma, Baba."

Iyakar abin da za ka ce ke nan, ka ci gaba da aikinka. Wani ƙane zai leƙo ya ce, "Yaya, da ka ɗan buga masa guduma ai da an wuce wurin." Aike shi sayen goro a shago mafi nisa.

Na shida, cire wili. Sace iskar taya don ta wuce tsakanin robobin birki, kwance notin aksul, sassauta 'yan ƙarafan da ke jan sarƙa, ka zame sarƙar. Lura da yadda ƙafar kariya da ta madogadi suka hau aksul, wace ce a ciki, wace ce a waje. Yanzu za ka ce ai ba za ka manta ba. Kowa haka ya ce.

Na bakwai, buɗe ta hagu kawai. Kon da notin da ke gefen sarƙa ka bar su a ɗaure yadda ka same su, su ne shaidar inda aksul yake zama. Riƙe kon na hagu da siririyar sufana, kwance notin da ke kulle shi, ka zare noti, washa, kon, kana zura su a tsinke bi da bi kamar mai tsire. Shi kuma firwil, wato faifan haƙoran da sarƙa ke ja, kada shaiɗan ya raya maka ka ga cikinsa. Cike yake da ƙwallaye ƙanana kamar gero, in suka watse sai dai ka yi wa keken ta'aziyya.

Na takwas, zare aksul a hankali a kan faranti, ka ƙirga. Tara a dama, tara a hagu, kowace kwatan inci. Na wilin gaba sun fi ƙanƙanta, kuma goma-goma ne, don haka kada ka yi musu auren dole. In ka jera tara za ka ga ɗan gurbi ya rage. Bar shi. Wurin shan iskarsu ne, kuma mai cusa ta goma don a ce ya yi alheri zai tura kekensa da hannu har Gumel.

Na tara, wanke komai da kananzir, goge, ka duba da idon mai sayen saniya. Kon lafiyayye yana da siririn layi mai sheƙi inda ƙwallaye ke bi. In ka ga ramuka kamar zanzana, kwanansa ya ƙare. Mirgina aksul a kan tebur mai santsi, in yana ɗingishi ya lanƙwashe, kuma ka san buhunan da suka yi masa haka. Za ka sayo sabo, tafi da tsohon a aljihu, domin ba kowane kon ke hawa kowane aksul ba: na Raleigh, ɗan Ingila da aka riƙa haɗawa a Kano, da na Phoenix ɗan ƙasar Sin, kamanninsu ɗaya amma ba uwa ɗaya ta haife su ba. In kuwa kofin da ke cikin hob ɗin ne ya farfashe, ajiye sufana ka yi salati, don wannan sai sabon hob da sake saƙa wayoyin wili gaba ɗaya.

Na goma, giris. Na ce giris. Ban ce man shanu ba, ban ce baƙin man da aka juye daga injin niƙa ba. Cika kofi da shi, ka dasa ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya su manne kamar riɗi a kantu. Mayar da aksul daga dama, juya wilin, jera na hagu, ka murɗa kon da yatsu.

Na goma sha ɗaya, nan ne ake gane bakanike da mai sufana. Murɗa kon har ya taɓa ƙwallaye, ka ɗan janye shi kaɗan, riƙe shi, sannan ka ɗaure notin kulli a kansa. In ka matse, boris zai cinye kansa cikin mako biyu. In ka saki, wili zai riƙa rawa ba kiɗa. Tamkar riƙon gida ne. Da ka ɗaure noti za ka ga awon ya canza, sai ka kwance ka sake. A karo na uku za ka zagi keken, a na huɗu za ka dace. Alamar dacewa ita ce aksul ya juya sumul ba ya girgiza, kuma in ka saki wilin ya yi ta lilo har bakin famfo ya sauko ƙasa da nauyin kansa.

Na goma sha biyu, mayar da wili ya zauna a tsakiya, ka bar wa sarƙa ɗan sassauci kamar kaurin yatsa, ka hura taya. Gwada birki kafin ka hau. Jakin da ke tsaye a kwanar kasuwa bai san ka yi gyara ba.

In ka gama ka ga washa ɗaya a faranti tana kallonka, kada ka ce kamfani ne ya yi gyara irin na mai awon gero. Zuba ta a aljihu, ka tura keken zuwa gindin maina wurin mai gyara, ka yi sallama, ka ce yara ne suka kwance. Ya san ba yara ba ne, ga giris har gwiwar hannunka, amma ba zai tona maka asiri ba. Abin da ya yanka, ka biya ba ciniki.